Abin da Ke Cin Tsohuwar A-kori-kura

A shekarar 1975 ne aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, har yau kuwa akan ci karo da tsohuwar Fijo 404 a-kori-kura a kasuwar ƙauye, ta sha buhuna, tana tafe tana nishi. Mai ita ba ya sauraren tayin kowa. Injin bai cika tayar masa da hankali ba, domin tsofaffin makanikai sun san cikinsa sarai. Abin da zai raba shi da motarsa tsatsa ce.

Tsatsa ba ta samuwa sai ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin. Shi ya sa jikin motar Arewa, inda akan yi wata shida ba ruwan sama, yakan fi na motar Legas daɗewa. Amma gishiri yana hanzarta ɓarnar, takin zamani da fitsarin awaki kuwa duk suna ɗauke da gishiri iri-iri. Wanda ya ɗauko awaki ranar kasuwa, ya kwana bai wanke bayan motar ba, ya yi wa tsatsa shimfiɗa. Daga lungunan da danshi ke maƙalewa takan soma, ƙarƙashin fenti, sai wata rana a ga masara na tsiyaya a kan hanya.