Rage kuɗin makaranta a manyan makarantun Jihar Kano

A watan Agustan 2023, bayan cire tallafin man fetur ya tsananta tsadar rayuwa, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rage rabin kuɗin rajista a manyan makarantun gwamnatin Jihar Kano, ciki har da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil. Kuɗin rajista shi ne abin da ɗalibi ke biya kowace shekarar karatu, kuma idan aka zaftare shi dole baitulmalin jiha ya cike giɓin, in ba haka ba ɗakunan gwaje-gwaje da na kwana su lalace. Ga ɗaliban ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, waɗanda yawancin iyayensu manoma ne, ragin ya kawo sauƙi, sai dai bai shafi kuɗin mota, haya da abinci ba.