Kabeji da Kyafaffen Nama: Girkin da Sanyi Ya Haifa

Idan sanyi ya kankama a arewacin Turai da jihohin kudancin ƙasar Amurka, akwai wani girki mai sauƙi da ke yawan hawa teburin talaka da mai kuɗi. Ana yayyanka kabeji a soya shi cikin kitsen naman alade da aka yi wa gishiri aka kyafe, wanda Turawa ke kira bekon, a ci shi a matsayin mahaɗin dankali ko burodi ko gasasshen nama. Mai karatu Musulmi na iya jin sunan alade ya juya shafi, kuma yana da hujja, domin haramcinsa ba abin tattaunawa ba ne. Sai dai wanda ya dubi tarihin girkin da abin da ke faruwa a cikin kaskon zai ga cewa ba aladen ne ke riƙe da shi ba. Abubuwa huɗu ne: kitse, gishiri, ƙamshin hayaƙi, da wuta mai ƙarfi ta ɗan lokaci. Duk wanda ya mallaki waɗannan ya mallaki girkin, ko da wace dabba ya yanka.

Larura ce ta haɗa kabeji da wannan nama tun farko. Kafin zuwan firji da jiragen da ke kawo tumatir daga ƙasashe masu zafi, manomin Turai yakan shafe watanni gonarsa na ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Kabeji na cikin 'yan tsirarun ganyen da ke jure wannan hali, har ma sanyi kan ƙara masa zaƙi, saboda tsiron na tara sukari a jikinsa don kada ruwan cikinsa ya daskare. Shi ya sa a yankunan Bremen da Oldenburg na arewacin Jamus al'ada ta ce ba a fara cin wani ɗan'uwan kabeji mai koren ganye sai raɓa ta fara daskarewa. Daidai wannan lokaci, wajen watan Nuwamba, ake yanka dabbobin da ba za a iya ciyar da su har bazara ba, a cika naman da gishiri a rataye shi a hayaƙi don ya kai iyali ƙarshen sanyi. Nama irin wannan ba a cinsa da yawa, ana gutsura ne kaɗan-kaɗan. A ƙasar Ayalan, maƙwabciyar Ingila, inda dafaffen kabeji da bekon da dankali ya zama abincin da aka san ƙasar da shi, talakawa da dama kan yi kiwon alade guda ne don su sayar su biya kuɗin hayar gona, ba don su ci ba. Ke nan tun asali aikin naman a cikin tukunya shi ne ya ba ganye mai yawa ɗanɗano, kamar dai yadda ɗan ƙullin daddawa ke tayar da tukunyar miya guda.

Abin da ke faruwa a kaskon ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne akasarin masu ƙin dafaffen kabeji suka samo ƙiyayyarsu. Kabeji na ɗauke da sinadarai masu farar wuta a cikinsu. Idan aka zuba shi a ruwa aka bar shi yana tafasa tsawon lokaci, sinadaran nan kan warware su saki iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ganyen ya yi laushi fiye da kima, sinadarin bitamin C kuma ya tsere cikin ruwan da za a zubar. Suya a kitse na kauce wa duk wannan. Ana fara sa naman a kasko tun bai yi zafi ba, a kan wuta kaɗan, don kitsen ya narke a hankali kafin tsokar ta ƙone. Idan ya soyu sai a kwashe shi gefe, a zuba albasa a cikin man da ya bari, sannan a ƙara wuta a zuba kabeji. Kitse yana ɗaukar zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba, don haka sukarin ganyen kan fara soyuwa, gefensa ya yi ja-ja, ɗacin ya koma zaƙi. Minti 10 zuwa 15 sun isa ga kabeji mai nauyin kilo 1, naman da bai wuce giram 150 zuwa 200 ba kuma ya wadatar. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika kaskon maƙil a rufe, sai ruwan ganyen ya fito ya koma turara maimakon suya. Mutanen Bavariya a kudancin Jamus kan ƙara ɗan ruwan khal da sukari a nasu, kuma suna da gaskiya, domin ɗan tsami a ƙarshe shi ke yanke maiƙon ya hana shi gundura. A ƙarshe ne ake mayar da naman, a ɗanɗana kafin a ƙara gishiri, tun da naman ya riga ya kawo nasa.

Wani zai ce idan aka cire alade ai an fita daga girkin, an koma wani abu dabam. Masu girkin da kansu ne suka fara rushe wannan magana. Yunwar da ta biyo bayan cutar dankali a Ayalan daga 1845 zuwa 1852 ta kashe mutum kusan miliyan 1, ta kori fiye da miliyan 1 zuwa ƙetare, da yawansu suka sauka a birnin New York. A can suka zauna unguwa ɗaya da Yahudawan da suka yi hijira daga gabashin Turai, mutanen da addininsu ya haramta musu alade. A wurin mahautan Yahudawan suka samu naman ƙirjin sa da aka jiƙa a ruwan gishiri, mai araha, suka dafa shi da kabeji kamar yadda suka saba a gida. Yau wannan haɗi na naman sa da kabeji shi ne abincin da Amurkawa 'yan asalin Ayalan ke ci a bikinsu na ranar 17 ga Maris, har da yawa na zaton daga can tsohuwar ƙasar aka zo da shi. Yahudawan su ma sun daɗe suna soya kabeji da albasa a kitsen kaza ko na dinya. Turkawa kuwa na da nasu abincin sanyi mai suna kapuska, kabeji da albasa da niƙaƙƙen naman sa ko na rago. Al'ummomi uku, dabbobi daban-daban, dabara ɗaya.

Gaskiya ne ɗanɗanon ba zai zo daidai ba. Kitsen sa da na rago sun fi saurin daskarewa, shi ya sa dole a ci abincin da zafinsa, in ya huce sai ya kama dasashi. Amma wannan ba naƙasu ba ne ga mutanen da ke da kakiɗe da man shanu da kyafaffen nama da ragowar balangu. Naman ƙirji mai ratsin kitse, a yanka shi ƙanana a barbaɗa masa gishiri ya kwana, yana yin aikin sosai. Kilishi na kawo gishiri da hayaƙi da yaji a lokaci guda, sai dai ba shi da kitsen da zai narke, kuma gyaɗar jikinsa na saurin ƙonewa, don haka a soya kabejin da man shanu a marmasa kilishin a kai bayan an sauke. Wanda ba shi da ko ɗaya, kyafaffen kifi zai ba shi hayaƙin da yake nema.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na lafiya. A shekarar 2015 sashen binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, ya ce cin giram 50 a kowace rana na ƙara haɗarin kamuwa da dajin hanji da kashi 18 cikin 100. Hukuncin bai tsaya kan alade kaɗai ba, ya haɗa da naman sa da aka yi wa irin wannan aiki, saboda haka sauya dabba bai kuɓutar da kowa ba. Hukumar ta kuma ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5. Bai kamata a yi wasa da wannan ba, musamman ga mai hawan jini. Amsar tana cikin asalin girkin: giram 150 a tsakanin mutum shida giram 25 ne kowa, kuma ba kullum ba, a cikin faranti wanda kusan dukkansa ganye ne. Haɗarin na farawa ne lokacin da aka juya lissafin, nama ya yi yawa kabeji ya zama ado, abin da wadata ta jawo a ƙasashen da suka ƙirƙiro girkin.

A ƙasar Hausa kabeji ya fi fitowa ɗanye, a gefen tsire ko cikin salak, sai kuma a kwaɗo da dambu. Lokacin da ya fi yawa da araha a kasuwa, daga gonakin Filato da lambunan noman rani, ya zo daidai da hunturu, lokacin da jiki ke neman abu mai zafi da maiƙo. Ɗanyen ya fi riƙe bitamin C, babu musu, amma ganyen da aka yi wa ban-ruwa da ruwan da ba a san tsabtarsa ba yana buƙatar wanki na gaske, wuta kuwa na kashe ƙwayoyin cutar da wanki ya bari. Kabeji guda da albasa biyu da ɗan nama da attaruhu sun isa su raka shinkafa ko doya ko dankali ga gida guda, a kuɗin da bai kai na miyar tumatir ba idan tumatir ya yi tsada. Gajeriyar suya ba ta cin itace ko gas da yawa, kuma kasko mai faɗi da kauri ya fi tukunya mai zurfi dacewa da aikin.