Yadda ɗan haya ya kusa ƙwace gida: labarin ɓarakar da aka gano a runc

Ranar 11 ga watan Fabrairun 2019, injiniyoyin da ke kula da manyan kwamfutocin kamfanonin intanet sun wayi gari da wata sanarwa da ta sa su aikin gaggawa. Aleksa Sarai, ma'aikacin kamfanin SUSE kuma ɗaya daga cikin masu kula da manhajar runc, shi ya bayyana ɓarakar da aka yi wa lamba CVE-2019-5736. Wasu ƴan ƙasar Poland biyu, Adam Iwaniuk da Borys Popławski, ne suka gano ta.

Mai latsa salula bai san runc ba, amma da wuya ya yini bai mori aikinta ba. Ita ce ƙaramar manhajar da Docker ke kira duk lokacin da za a tayar da abin da masana ke cewa kwantena, kuma galibin masu amfani da Kubernetes a kanta suka dogara. Tun a 2014 Google ya ce yana tayar da kwantena sama da biliyan 2 a kowane mako.

Kwantena kamar ɗaki ce a gidan haya. Kowace manhaja da ɗakinta, ba ta leƙen na maƙwabta. Sai dai mai gidan ɗaya ne: kanel, wato zuciyar Linux, wadda ke raba ƙwaƙwalwa, take yanke hukuncin wa zai taɓa wane fayil. Abin da ya sa kwantena ta fi kwamfutar kwaikwayo sauƙi da arha ke nan, kuma nan rauninta yake. A wancan lokacin, a yawancin wurare, mai matsayin root a cikin kwantena, wato mai cikakken iko, lambarsa a wurin kanel sifili ce, daidai da ta root na ainihin na'urar. Shinge ne kawai a tsakani.

Dabarar kuwa ba ta da yawa. A Linux akwai wata hanya mai suna /proc/self/exe, wadda ke nuna wa kowace manhaja fayil ɗin da aka tayar da ita daga gare shi. Idan mai kula da na'ura ya nemi shiga kwantena, runc kan fara shiga ciki, sannan ta tayar da abin da aka nema. Maharin da ya riga ya zama root a ciki sai ya sauya wannan abin da rubutun da ke mayar da runc ga /proc/self/exe. Sai ta sake tayar da kanta a cikin ɗakin ɗan haya, tana riƙe da igiyar da ta kai har fayil ɗinta na waje. Kanel ba ta yarda a yi rubutu kan manhajar da ke cikin aiki, don haka maharin ya kama igiyar ya jira. Tana gamawa ya shafe ta, ya zuba tasa. Duk wanda ya sake kiran runc, manhajar ɓarawo ya tayar, da cikakken iko a kan na'urar da dukan kwantenonin da ke kanta. Ko kwantenar da aka sauko da ita daga intanet ba tare da bincike ba tana iya zuwa da wannan tarko.

Maganin ya zo a Docker 18.09.2: runc ta riƙa kwafar kanta cikin ƙwaƙwalwa, ta rufe kwafin yadda ba ya rubutuwa, sannan ta shiga da shi. Hakan ya ƙara cin ƙwaƙwalwa.

Abin lura shi ne waɗanda suka tsira tun kafin maganin. Na'urorin da SELinux ke aiki a kansu yadda ya kamata, da waɗanda suka yi amfani da tsarin kanel mai mayar da root na kwantena talaka a waje, harin bai ci su ba. Kariyar tana nan, kyauta. Da yawa ba su kunna ta ba ne saboda tana ƙara wahalar saiti. Matashin da ya koyi Docker daga bidiyo, ya saba ƙara --privileged da zarar abu ya ƙi tashi, da hannunsa yake rushe shingen.

A ƙarshen Janairun 2024, masu bincike na kamfanin Snyk suka sake bankaɗo wata ɓarakar a runc, CVE-2024-21626. Wannan karon wata ƙofa ce da manhajar ta manta a buɗe zuwa fayilolin na'urar. An toshe ta a runc 1.1.12.