Gorar Lamurjin da Ta Kumbura

Da azumi, idan la'asar ta yi sakaliya a Moshi Zango da ke Kumasi, kuloli cike da ƙanƙara ne ke jeruwa a bakin titi: sobolo, burkina, zomkom ɗin da Mosawa suka zo da shi daga Burkina Faso, sai kuma lamurji mai yajin citta da kanumfari. Waɗanda ba 'yan Zango ba kan yi wa lamurji laƙabi da giyar Hausawa, alhali sabon haɗi babu ɗigon barasa a cikinsa. Sai dai fa idan gorar ta kwana ta wuni a cikin zafi, zance ya fara canzawa.

Kowa ya taɓa ganin irinta. Gorar robar ta yi tauri kamar an hura ƙwallo, ana murɗa murfin sai ta yi tsaki, kumfa ya taso ya jiƙa hannu. Aikin yis ne wannan, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke maƙale a jikin hatsi da citta da ma bokitin haɗin kansa. Abincinsu sukari. Idan suka ci, kusan rabin nauyinsa ya koma iskar kabon, sauran ya koma barasa. Masanin Faransa Louis Pasteur ne ya nuna, tun wajajen 1857, cewa masu rai ne ke wannan aiki.

Abin da mai lamurji ke gudu, shi masu yin giya ke nema da gangan. A Turai da Amurka ana sayar wa 'yan koyo da kayan haɗa giyar laga a gida: ruwan tsiron sha'ir a gwangwani, ƙullin yis, da bokiti mai 'yar kafar fitar iska. Idan yis ya gama cinye sukarin, sai a ɗura a kwalabe, a ƙara ɗan sukari kaɗan a kowace, a toshe na mako biyu. Iskar ba ta da hanyar fita, sai ta narke a cikin ruwan, ita ce kumfan. Wanda hannunsa ya zarce wurin zuba sukarin kuwa, kwalba ce za ta tarwatse masa a ɗaki. Yis ɗin laga sanyi yake so, digiri 7 zuwa 13, shi ya sa a Kumasi sai masana'anta irin ta Guinness da ke Kaase, mai manyan tankunan sanyi. Yis ɗin da ke cikin fito da burukutu ba ruwansa da wannan gata. A zafin digiri 30 kwana ɗaya ya ishe shi aiki. Danginsa ne ke faɗawa gorar lamurji.

A nan mutane ke rikicewa: ba kowane tsami ne barasa ba. Tsamin gasarar koko da na nono wasu ƙwayoyi ne daban ke kawo shi, kuma ba sa bugarwa. Alamar yis ita ce iska da kumfa, da wani wari mai hawa hanci. Malamai sun daɗe da sanin wannan iyaka. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha har zuwa yammacin kwana na uku, ba ya wuce nan.

Firij ba ya kashe yis, kwantar da shi kawai yake yi, kuma duk ɗan Kumasi ya san halin dumsor, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki. Wuta ta ɗauke cikin dare, yis ya farka. Tsofaffin gorunan ruwa da ake tsintowa a sake ɗurawa ba tare da wanki sosai ba, su ma da nasu iri suke zuwa.

Mai sayarwa ta haɗa daidai na yini, ta wanke gora da sabulu da ruwa mai tsabta. Mai saye kuma ya matsa gorar da yatsa kafin ya miƙa kuɗi. Idan ta ƙi lotsawa, ya ajiye ta.