Sunan Gwani a Jikin Tanki, Gwaninta a Hannun Direba

Kamfanonin ƙera babura na Turai da Japan sun daɗe da gano wata dabarar ciniki mai ci har gobe. Sai su ɗauki ƙaramin babur na zamani, su yi masa siffar baburan da, su shafa masa fentin da wani tsohon gwanin tsere ya yi suna da shi, su rubuta sunansa a jikin tanki, sannan su shelanta cewa 'yan kaɗan kawai za a ƙera, kowanne da lambarsa. Mutumin Gammo ko Garo ko Getso, wanda babur ne ƙafarsa zuwa gona da kasuwa da asibiti, zai iya cewa ina ruwansa da wannan harka ta masu hannu da shuni. Amma sanin yadda cinikin yake tafiya yana da amfani gare shi, domin yana nuna abu guda da ya shafi duk mai hawa babur: suna da fenti ana sayensu da kuɗi, amma abin da ya mai da gwani gwani ba ya cikin kwalin da ake kawo babur a ciki.

Misali mafi kusa shi ne na kamfanin FB Mondial na ƙasar Italiya, wanda 'yan gidan Boselli suka kafa. Lokacin da aka fara gasar tseren babura ta duniya a 1949, baburan Mondial ne suka mamaye rukunin masu girman cc 125. Nello Pagani ya ci kofin a shekarar farko, Bruno Ruffo ya ci a 1950, sai Carlo Ubbiali a 1951. Ubbiali, haifaffen garin Bergamo a 1929, ya koma kamfanin MV Agusta daga baya, kuma kafin ya aje tsere a 1960 ya tara kofin duniya tara, shida a rukunin 125, uku a rukunin 250. Shi kuwa Mondial ya janye daga gasar a ƙarshen 1957 tare da Gilera da Moto Guzzi, saboda tsadar harkar da ja da bayan kasuwa. Darajar injinsa a wancan zamani ta kai har Soichiro Honda, wanda ya kafa kamfanin Honda, ya nemi a ba shi ɗaya daga cikin baburan tseren Mondial don ya nazarce shi, aka kuwa ba shi.

Shekaru da yawa bayan haka aka farfaɗo da sunan Mondial, aka fito da wani ƙaramin babur mai suna HPS 125, mai siffar da amma da kayan zamani. Bayan rasuwar Ubbiali a 2020, kamfanin ya fitar da wani nau'i na musamman na wannan babur ɗauke da sunansa, a adadi ƙayyadadde. Abin lura shi ne, a ƙasar Sin ake harhaɗa HPS, kuma injinsa ba shi da dangantaka da wanda Ubbiali ya yi tsere da shi a 1951, in ban da girman da suka yi tarayya a kai. Bambancin nau'in na musamman da na gama-gari yawanci a fenti da ado yake. Haka sauran kamfanoni ma suke yi. Ducati ya fitar da babur mai sunan Mike Hailwood a 1979, bayan da Hailwood ya ci tseren tsibirin Isle of Man a 1978 a kan babur ɗinsu. MV Agusta ya ƙera Superveloce Ago guda 311 kacal don girmama Giacomo Agostini, mai kofin duniya 15. A kowane hali abu uku mai saye yake biya wa ƙarin kuɗi: tarihin gwani, ƙarancin kayan, da sha'awar abin da ya wuce.

Me ya sa ake yin wannan da ƙananan babura? Dalilin yana cikin dokar Turai. A can akwai wani lasisin tuƙin babur, wanda ake kira A1, da ke ba matashi damar hawa babur da bai wuce cc 125 ba, kuma ƙarfinsa bai haura kilowat 11 ba. Don haka ƙaramin babur a wurinsu matakin koyo ne da abin ƙawa, kuma kamfani yana son ya kama zuciyar saurayi tun daga nan. A wurinmu kuwa wannan girman shi ne na aiki. Honda ya fito da CG125 a 1975 ne musamman don ƙasashe irin namu, bayan ya lura cewa masu babura ba sa sauya baƙin mai a kan kari kuma suna lafta kaya fiye da kima, sai ya yi inji mai sauƙin gyara da juriyar wahala. Boxer na kamfanin Bajaj da Jincheng da Haojue da suka cika hanyar Kano zuwa Gwarzo duk a kan wannan tunani suka samu karɓuwa. Tun da gwamnatin Kano ta hana acaba a cikin birni a watan Janairun 2013, ƙauyuka da garuruwan karkara irin na Kabo da Gwarzo ne suka ci gaba da riƙe sana'ar, kuma a nan ba a tambayar wa ya taɓa cin kofi da babur. Tambayar ita ce nawa yake shan mai, buhu nawa yake ɗauka, kuma in ya lalace akwai kayan gyaransa a kusa.

Wani zai ce ai girmama magabata abu ne mai kyau, to mene ne laifin sa sunan gwani a jikin babur? Babu laifi, kuma akwai ma abin koyi. Ta wannan hanya matashin da aka haifa shekaru da dama bayan Ubbiali ya daina tsere yake jin labarinsa. Mu ma muna da tsofaffin Vespa da Honda Benly da Roadmaster waɗanda malaman makaranta da ma'aikatan gona suka yi zamani da su, yawancinsu sun ƙare a hannun 'yan gwangwan ba tare da an adana ko ɗaya don tarihi ba. Inda gyara yake shi ne a rarrabe girmamawa da talla. Kamfani ba don Allah yake tuna gwani ba, riba yake nema, kuma mai saye yana da haƙƙin sanin cewa ƙarin kuɗin da ya biya bai ƙara wa inji ƙarfi ko tsawon rai ba.

Wani kuma zai ce abin da aka ƙera kaɗan yana riƙe daraja, don haka sayensa ajiyar dukiya ce. Wannan yakan tabbata ga wasu manyan babura da ake ɓoyewa a ɗaki ba a hawa, a ƙasashen da ake da masu tara irin waɗannan kaya. A kasuwarmu lissafin ya sha bamban. Babur da makanike bai san cikinsa ba, wanda sai an yi odar fistin ko kulocinsa daga waje, darajarsa faɗuwa take yi tun ranar da ya fara ciwo. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai babur yana auna kowace lita, kuma dillali ya fi saurin sayar da babur da kowa ya sani a kan wanda babu irinsa. Ƙarancin da yake ɗaga farashi a Milan shi ne yake karya shi a Gwarzo.

Hujja ta uku da wani zai kawo ita ce mafi ƙarfi: irin waɗannan babura ba sa zuwa nan, to don me za a ɓata baki? Gaskiya ne ba sa zuwa, amma tunanin da ke sayar da su ya riga ya iso. Ana ganinsa a jikin baburan samari da aka cika da sitika, aka cire madubi, aka fasa salansa don ƙara. Ana ganinsa ranar ɗaurin aure da kai amarya da hawan sallah, inda ake ɗaga ƙafar gaba, ana sakin hannu, ana tsere a kan titin da yara da dabbobi da masu keke suke bi. Sa rigar da aka rubuta sunan Shago ba ya mai da mutum ɗan dambe. Gwanayen da ake sa sunansu a tanki sun yi tserensu ne a hanyar da aka rufe wa jama'a, da hular kwano da rigar fata, da makanikai masu duba kowane noti kafin a tashi. Shi kansa Ubbiali an san shi da natsuwa da lissafi, kuma ya gama shekarunsa na tsere ba tare da mummunan hatsari ba, a zamanin da abokan karawarsa da dama suka rasa rayukansu a fage. Wannan ne gadonsa na gaskiya, kuma shi ne wanda ba a iya bugawa a sitika.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hatsarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a duk shekara, kuma masu hawa babura suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya ta fara tilasta sa hular kwano tun farkon 2009, amma har yau a karkara da wuya ka ga mai sa ta. Don haka kira ga iyaye da shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaba da dagatai a Gammo da kewayenta: kafin a miƙa wa yaro makulli, a tabbata ya iya tuƙi, birkinsa yana ci, fitilarsa tana kamawa, kuma yana da hula. Wanda zai sayi babur ya duba inji da kayan gyara kafin ya dubi fenti. Saurayin da yake sha'awar gwanayen tsere kuwa, ya kwaikwayi natsuwarsu da kula da abin hawansu, ya bar gudun ga masu fili.