Gemu Ba Ya Hana Ilimi

A cikin shekara ta 2024 Jami'ar Landan ta ƙasar Ingila ta ba Muhammadu Sanusi na Biyu digirin digirgir, watau matsayin dakta, alhali yana da shekara 63 a duniya. Wannan bawan Allah ya riƙe Babban Bankin Nijeriya daga 2009 zuwa 2014, ya hau gadon sarautar Kano a 2014, aka sauke shi a 2020, gwamnatin Kano ta mai da shi a 2024. Duk wannan jujjuyawar zamani ba ta raba shi da takarda ba. Kundin da ya rubuta a kan tsara dokokin aure da iyali ne bisa shari'a, ya gwada halin Kano da na Maroko, wadda ta sabunta nata kundin dokokin a 2004. Mazhabar Maliku ce ke gudana nan da can.

Ba shi ne farau ba. Tun 1972 Malam Hassan Ibrahim Gwarzo ya sami irin wannan digiri a Landan, a kan tarihin Shehu Magili wanda ya sauka Kano zamanin Sarki Rumfa. Daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Kano.

To, malaman ƙasar Gumel ba su jahilci karatu da furfura ba. Gardi yakan yi noma da damina a Gagarawa ko Sule Tankarkar, in an kai amfani gida ya rataya allo ya nufi gabas ci-rani. Ran Alhamis, da yake ba a karatu, wani yakan shiga kasuwar Maigatari ya yi dillancin raguna, ya samo na cefane. Haka zai yi ta yi shekara da shekaru kafin a ce masa alaramma, balle gwani. Abin da jami'o'i ke kira karatun wucin gadi, inda magidanci ke riƙe da sana'arsa yana leƙa malaminsa lokaci lokaci, ashe tsohon abu ne aka sake wa riga.

Amma akwai bambanci, kuma kada a raina shi. Gwani ana auna shi da tsare abin da ya karɓa, kada ya ƙara wasali, kada ya rage. Dakta kuwa ana neman ya zo da abin da ba a riga shi faɗa ba, da hujja, sa'an nan ya zauna gaban malamai, har da baƙo daga wata jami'a, su yi ta tuhumarsa. Kuma ba a shiga sai da tsani: digiri na farko, kana na biyu. Nan ne ƙofa ke rufe wa mai Muhtasar a ka, wanda ba shi da takardar shaida ko guda. Lalle wannan abin takaici ne, domin mas'alolin aure da saki da ciyarwa, waɗanda ake kawowa zaurensa kullum safiya, su ne ake rubuta kundaye a kansu, kuma kundayen ne masu tsara doka ke buɗewa.

Wahalar kuwa ba kaɗan ba ce ga mai iyali: kuɗin makaranta, kuɗin mota, rumfa a rufe ranar da aka tafi ganin malami, ga ido ya fara neman tabarau.

Sai dai tafiyar ta rage nisa. Da, sai Kano ko Zariya. Yanzu akwai Kwalejin Ilimi a cikin Gumel, an kafa Jami'ar Tarayya a Dutse a 2011, da ta jiha a Kafin Hausa a 2013, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamido. Matakan farko na tsanin suna nan kusa, mutum ya kwana gida ya ba almajirai darasun asuba kafin ya hau mota.