Ƙarancin jini da ciwon Sida

A Madarunfa, daga tsakiyar damina zuwa kaka, gidan likita yakan cika. Ruwa ya kwanta a gulbi da tabki, sauro ya yi yawa, masassara ta kama yara da manya. Likita yakan ja fatar idon maras lafiya, ya dubi tafin hannunsa. In ya ga sun yi fari fat, ya san jini ya ragu.

Jini ba jan ruwa ba ne kawai. Akwai ƙwayoyi iri uku a cikinsa. Jajaye su ne ke kai iskar numfashi ko'ina cikin jiki. Farare su ne sojojin da ke yaƙi da cuta. Sannan akwai wasu ƴan mitsi-mitsi masu tsai da jini in an yi rauni. Dukansu cikin ɓargo ake yin su. Jar ƙwaya tana yin kamar kwana 120, sannan ta mutu, ɓargo ya yi wata.

A shekarar 1987 aka fara ganin ciwon Sida a Nijar. Ƙwayar cutar tana kashe fararen ƙwayoyin jini, wannan sananne ne. Amma tana kuma raunana ɓargo, sai ya kasa mai da jajayen da suka mutu. Mutum ya riƙa jin kasala da jiri, ya yi ƴar tafiya kaɗan ya kama haki. In ƴan mitsi-mitsin nan ne suka ragu, sai haɓo, ko dasashi ya riƙa zubar da jini.

Ga shi kuma ɓarayin jini ba ɗaya ba ne. Masassarar sauro tana fasa jajayen ƙwayoyi. Tsargiya, wadda ake ɗauka wurin wanka a tabki, tana fitar da jini cikin fitsari. Tarin fuka da zawo da rashin cin abinci, duk suna ƙara rage shi. Mai ɗauke da ƙwayar Sida sau da yawa yakan haɗu da biyu ko uku a lokaci guda.

Har magani ma yana iya jawo haka. Akwai wani tsohon maganin Sida, sunansa AZT, wanda yakan rage wa wasu jini. Yau akwai waɗansu da ake ba da su maimakonsa. Saboda haka wanda ya ji jiri bai kamata ya bar shan magani da kansa ba, don ƙwayar cutar za ta sake ƙarfi. Likita ne zai sake masa wani. Ƙwayoyin “ƙarin jini” na ƴan tebur kuwa, ba su san wane ɓarawo ne ya shiga ba.

A gidan likita ana auna sinadarin da ke sa jini ja, da giram cikin desilita ɗaya. Namiji ƙasa da 13, mace ƙasa da 12, mai ciki ƙasa da 11, jininsu bai kai ba. In ya ragu ƙwarai, sai a yi ƙarin jini, bayan an gwada jinin da za a sa. In da sauƙi, a ba da ƙwayoyin sinadarin ƙarfe, a haɗa da hanta, da kifin tabki, da wake, da zogale. Shayi nan take bayan abinci yana hana jiki ɗaukar ƙarfen.

Farin ido ba ya nuna Sida. Yawancin yaran da ake kaiwa likita da ƙarancin jini a kaka, sauro ne da ƙarancin abinci suka kai su. Gwajin jini kaɗai ke nuna wanda yake ɗauke da ƙwayar.